Kejin Kifi: Kuɗin da Raga Ke Ci a Ɓoye

Tambaya

 Ni ma'aikaci ne a nan Bauchi, ina zaune a Yelwa. Bara ni da abokina muka haɗa jari muka sa keji biyu na karfasa a wani ƙaramin dam da ke wajen gari. Watanni ukun farko komai lafiya lau. Daga baya raga ta yi kore shar, ta yi nauyi, katantanwa suka cika igiyoyi, kifi ya rage cin abinci, da muka kwashe kuma bai kai nauyin da muka sa rai ba. Kwanan nan na ga wani bidiyo daga Barazil, an ɗago keji da inji, wasu ƙananan halittu masu ɓawo sun lulluɓe shi kamar an yaɓa masa siminti. Shin abin da ke damunmu ke nan? Nawa ya kamata mu ware don maganinsa? Sannan an yi mana tayin tsohuwar raga daga Legas da araha, muna son ƙara keji biyu. Me ka gani?

Amsa

 Allah ya sa albarka a nema. Tambayoyinka uku ne, bari in fara da wadda ta fi tayar maka da hankali.

Abin da ka gani a bidiyon

Halittar nan dangin ƙumba ce, irin mai ɓawo biyu da yara ke tsinta a bakin rafi, sai dai ƙarama ce, da ƙyar take wuce tsawon gaɓar yatsa. Masana na kiranta Limnoperna fortunei, mutanen Barazil kuma sun yi mata laƙabi da mai ruwan zinare saboda launin ɓawonta. Asalinta kogunan ƙasar Sin. A 1991 aka fara ganinta a gaɓar Rio de la Plata a Ajantina, ta iso cikin ruwan da manyan jiragen dakon kaya ke ɗiba don daidaita nauyinsu, su zubar idan sun isa tashar da za su yi lodi. Daga nan ta bi kogin Parana da na Paraguay, ta isa babbar madatsar Itaipu a 2001, ta ɓulla a kogin Sao Francisco a 2015. A watan Oktoban 2024 aka same ta a tashar jiragen ruwa ta Stockton, a jihar Kaliforniya ta Amurka.

Abu biyu suka sa ta gagari kundila. Na farko, 'ya'yanta ba sa ganuwa da ido, kuma suna yawo a ruwa na wasu makonni kafin su maƙale, don haka bokitin ruwa ɗaya ko jiƙaƙƙiyar igiya sun isa su kai ta wani dam. Na biyu, tana da wasu zarurruka masu ƙarfi da take ɗaure kanta da su a jikin duk wani abu mai tauri: dutse, bututu, ƙarfe, raga, har bayan 'yar'uwarta. Yawancin ƙumbarmu ta gida a laka take zamanta, ba ruwanta da raga. Wannan kuwa hawa kan juna take yi, har a sami sama da 100,000 a murabba'in mita ɗaya. Keji a wurinta gidan biki ne: ga wurin zama, ga ruwan da kashin kifi da ragowar abinci suka wadata. Shi ya sa masu kiwon karfasa a manyan madatsun Barazil suka mayar da ɗago keji da wanke shi da injin feshin ruwa aikin kullum, da ma'aikatansa, da mansa, da kejin canjinsa. Duk babban ruwan da ta zauna a ciki, ba a iya korarta, sai dai a yi ta biyan kuɗin zama da ita.

To, kwantar da hankalinka, bayaninka bai nuna ita ba. Koren da ka gani gansakuka ce, ta haɗu da laka da majinar da ke taruwa a jikin zare. Gane bambancin ba wuya. Katantanwa ɓawonta ɗaya ne, murɗaɗɗe, tana rarrafe, da yatsa za ka ture ta. Baƙuwar ƙumba ɓawonta biyu, a dunƙule ake samunta, ba ta motsawa, in ka ja ta za ka ji zare ya tsinke.

Sai dai kada ka yi murna da wuri. Hanyar da ƙumbar Barazil ke bi ta cinye ribar mai keji, ita ce dai gansakukar Bauchi ta bi ta cinye taku.

Idon raga shi ne hancin kifinka

Kifin da ke sake a dam, in wuri ya yi masa zafi ko iska ta yi ƙaranci, sai ya canza wuri. Na keji ba shi da wannan gata. Dubban kifaye ne a wuri kamar ɗaki ɗaya, kuma abin da ke raya su shi ne ruwan da ke ratsa raga, ya shigo da iskar oksijin, ya fita da ƙazanta. Kowane ido da ya toshe, an rage musu numfashi.

Karfasa ta fi walwala idan oksijin ya kai miligiram 5 a kowace lita. In ya sauka ƙasa da 3, cin abinci ya ja baya, girma ya tsaya. Lokacin da ya fi ƙaranci shi ne asuba, domin gansakukar da ke ba da iska da rana, da dare ita ma shaƙa take yi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, abin ya fi muni a yankinmu: ruwan dam ya ja baya, ya yi ɗumi, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai, gansakuka kuma ta sami rana yadda take so. Idan ka je bakin keji bayan sallar asuba ka tarar kifi ya taso sama yana buɗe baki, ragarka ce ke yi maka magana. Tarwaɗa ta fi juriya saboda tana iya shaƙar iska daga sama, amma ita ma ruwa mai ƙazanta yana rage mata girma.

Kafofin da kuɗi ke zurarewa

Mutane da yawa in an ce kuɗin tsaftace keji, buroshi da ladan yaro kawai suke tunawa. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Kafofin biyar ne.

Ta farko, kuma babbarsu, abinci. A kiwon kifi na zamani abinci kan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa. Ga misali don fahimta, ba alƙaluman gonar wani ba ne. A ce kejinka zai ba da kilo 1,000, kuma kowane kilo na kifi yana cin kilo 1.5 na abinci. Kilo 1,500 ke nan, wato buhu 100 na mai kilo 15. Idan raga ta toshe, kifi ya daina sarrafa abincin yadda ya kamata, lissafin ya koma 1.8, kana buƙatar kilo 1,800, wato buhu 120. Buhu 20 sun tafi a keji ɗaya, ba ɓarawo, ba gobara. Je ka tambayi farashin buhu yau, ka ninka sau 20, za ka ga abin da gansakuka ta karɓa a hannunku.

Ta biyu, lokaci. Kifin da ya kamata ya isa kasuwa a wata shida, ya kai bakwai ko takwas. Kowane ƙarin wata yana da albashin mai gadi, da kuɗin zirga-zirga daga gari, da abincin da kifi zai ci don ya rayu kawai. In kun saita kwasa da azumi ko Kirsimeti, lokacin da masu saye ke rububi a Muda Lawal da Wunti, kun rasa kasuwar.

Ta uku, wankin kansa: ladan masu aiki, hayar kwale-kwale, man inji, buroshi, ɗinkin inda ya yage. Wankin da aka jinkirta ya fi tsada, domin abin da mutum ɗaya zai share a awa ɗaya yau, bayan wata biyu sai mutum huɗu sun wuni a kansa.

Ta huɗu, lalacewar kaya. Ragar da ta sha gansakuka da laka tana ninka nauyinta. Tana jan gangunan robar da ke ɗauke da keji zuwa ƙasa, tana gajiyar da ɗinki da igiya. Ranar da guguwar farkon damina ta taso, wurin da ya raunana ne zai buɗe, kifin wata biyar ya zama rabon masunta. Kankara da ƙarfi kuma tana cinye zare, ragar da za ta yi shekaru ta mutu da wuri.

Ta biyar, lafiya. Kifin da ke cikin ƙunci shi cuta ke fara kamawa. Katantanwa kuma masauki ce ga wasu tsutsotsi da ke zagayawa tsakaninta da kifi da tsuntsaye irin su zalɓe. Wasu nau'o'inta su ne ke ɗauke da tsargiya, don haka yaran da ke shiga ruwa suna wanke muku raga suna cikin haɗari. Wanda ya ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani, kuma ɗawainiyarsa tana wuyanku.

To, nawa za ku ware?

Duk adadin nairar da na rubuta maka yau, kafin ka kwashe kifi farashi ya canza. Yi lissafinka da buhun abinci, shi ne ma'aunin da ba ya ruɗin mai kifi.

Sami littafi, ka buɗe shafi mai suna tsaftar keji. Rubuta kuɗin ragar canji, ka raba shi da yawan zagayen kiwon da za ta yi. Rubuta ladan sharar mako-mako, da na babban wanki, da mai, da kayan ɗinki, da takalman roba da safar hannu. Haɗa jimla, ka ga buhu nawa za ta saya. A misalinmu na sama, a ce duka sun tashi daidai da buhu 8. Ka kashe 8 ka tsare 20, ban da ragar da ta daɗe da kifin da bai tsere ba. Bayan kwasa, raba jimlar da yawan kilon da kuka samu. Abin da ya fito shi ne kuɗin tsafta a kowane kilo, kuma dole ya shiga farashin da za ku faɗa wa dillali. Wanda bai sa shi a lissafi ba, daga uwar kuɗi yake biyansa bai sani ba.

A wani shafin kuma ka riƙa rubuta buhun da aka ci da nauyin kifi. Duk mako biyu a kamo kamar 30, a auna, a mayar. Ranar da ka ga abinci na tafiya, nauyi bai biyo ba, fara duba raga kafin ka zargi mai sayar da abinci.

Abin yi

Ka fara da wurin da keji yake. A lokacin da dam ya fi ja baya, a sami aƙalla mita ɗaya zuwa biyu tsakanin gindin raga da ƙasa. Nisanci lungun da ruwa ke tsaye da wurin da ciyayi suka yi yawa, nan ne gidan katantanwa. Ka bar tazara tsakanin keji da keji, kada ƙazantar wannan ta zama ruwan shan wancan.

Ka riƙa canza raga yayin da kifi ke girma. Ƙaramin ido na 'ya'yan kifi ne, kuma shi ya fi saurin toshewa. Barin babban kifi a raga mai ƙaramin ido kuskure ne da sababbin shiga ke yawan yi don gudun kashe kuɗi.

Ka gyara ciyarwa. Yi amfani da abinci mai yawo a sama, ka sa zoben da zai hana iska kwashe shi, ka ba da abin da za su cinye cikin 'yan mintoci. Ragowar abinci taki ce ga gansakuka, wato da kuɗinka kake kiwon abokiyar gabarka.

Shara kaɗan-kaɗan, akai-akai. Sau ɗaya a mako a bi bangon raga da buroshi mai laushi tun majinar ba ta yi tauri ba, a ƙara yawan hakan a bazara. A yi da hantsi, ba da asuba ba, kuma ba bayan an gama ba su abinci ba.

Babban wanki a tudu ake yin sa. Idan raga ta yi kauri, kada a dirje ta da kifi a ciki, domin dattin zai toshe musu hanyar numfashi. A hana su abinci kwana ɗaya, a mayar da su ragar canji da sanyin safiya bayan rana ta ɗaga, a fito da mai dattin nesa da gaɓa. Injin wankin mota ya wadatar. A shanya ta ta bushe ƙayau, a ɗinke, a adana a inuwa, domin rana mai yawa tana cin zare. Abin da aka kankaro a binne shi ko a kai gona, kada ya koma ruwa.

Ga mai kiwon tarwaɗa kuwa, sa 'yan karfasa a ciki yana taimakawa, domin suna kiwo a jikin raga. Amma su zama manya, in ba haka ba an ba tarwaɗa kalaci.

Ka sa ɗan tsaro. Ɗaura guntun bututun roba ko ɓallin bulo a igiya, ɗaya a zurfin mita ɗaya, ɗaya a mita biyu, ka ɗago su duk mako biyu. Duk abin da zai maƙale wa kejinka, a nan za ka fara ganinsa. In ka ga wata halitta mai ɓawo biyu da ba ka sani ba, ɗauki hotonta, sa ta a kwalba, ka kai sashen kifi na ma'aikatar gona ta jiha, ko wurin malaman kimiyyar halittu na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja ita ma aikinta ke nan.

Abin da ba a yi

Za ka sami masu ce maka zuba bilic, ko maganin ciyawa, ko gamalin, ko ka shafa wa raga fentin jirgin ruwa. Kada ka saurare su. Dam ba tankin bayan gidanka ba ne: mutane na sha, dabbobi na sha, masu lambu na ban ruwa, masunta na ci daga ciki. Abin da zai kashe katantanwa zai iya kashe kifinka da na maƙwabcinka. Idan kuma kuna tunanin faɗaɗawa zuwa babban ruwa kamar Gubi, ku tuna daga nan garin Bauchi ke shan ruwa. Ko a can ko a Waya ko a wani wuri, a fara da rubutaccen izinin hukumar da ke kula da madatsar, a kuma gaisa da sarkin ruwa da masuntan wurin. Kejin da aka sa ba izini, ranar da aka ce a cire shi, asarar ta fi ta gansakuka.

Tsohuwar ragar Legas

Nan ne darasin Barazil ya shafe ka kai tsaye. Baƙin halittun ruwa ta tashoshin jiragen ruwa suke fara sauka, daga nan mutane su ƙarasa da su cikin ƙasa a jikin raga, kwale-kwale da jarkokin 'ya'yan kifi. Mu ma mun ɗanɗana. Kainuwar da muka gada dashen Allah ce, amma baƙuwar kainuwa mai fure shuɗi-shuɗi ta shigo Najeriya a 1984 ta rafin Badagry, ta toshe hanyoyin ruwa a kudu, ta kai har tafkin Kainji, kuma irinta na iya kwanciya shekaru kafin ya tsiro. A arewa, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza, kachala ta mamaye magudanai a fadamun Haɗeja da Nguru, manoma da masunta suka shafe shekaru suna sara tana dawowa. A Ghana, daga ƙarshen 2018, wata cutar kifi ta yi mummunar ɓarna a kejin karfasa na tafkin Volta. Kowanne cikin waɗannan, hana shi shiga ya fi korarsa sauƙi nesa ba kusa ba.

Don haka in za ku sayi ragar, ku saya da sharaɗi. A buɗe ta gaba ɗaya a duba ɗinki da ƙarfin zare, domin araha ba ta ado. A wanke ta a tudu, a bi duk lungu da ƙulli. A zuba mata ruwan zafi, wanda ya kai digiri 60 yana kashe irin waɗannan halittu nan take. A shanya ta aƙalla mako guda, a damina fiye da haka. A Amurka, inda wata ƙumbar mai suna zebra ta addabi manyan tafkuna tun 1988, ƙa'idar da ake koya wa masu jiragen ruwa ke nan: wanke, tsiyaye, busar. Haka za ku yi wa igiya, ganguna da kwale-kwalen da ya fito daga wani ruwa, ko da daga Dadin Kowa ne nan kusa. 'Ya'yan kifi kuma a saye su wurin mai ƙyanƙyasar da aka sani, a ajiye su a tanki daban na mako biyu, ruwan da suka zo a ciki a zubar da shi a busasshiyar ƙasa.

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Ko ka kiyaye, in maƙwabcinka ya jefa jiƙaƙƙiyar raga daga wani wuri, ruwan ɗaya ne. Ku zauna da sauran masu keji da masunta ku yi yarjejeniya a kai, ku haɗa kuɗi ku sayi injin wanki ɗaya da ma'aunin oksijin ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawarata ta ƙarshe kan ƙarin keji: ku dakata tukuna. Kejin nan biyu ba su ba ku abin da za su iya ba. Tsohuwar ragar, in ta tsallake bincike da wanki, ku mayar da ita ragar canji. Ku yi zagaye ɗaya da littafi a hannu da buroshi a kwale-kwale. Idan kun kwashe, ku gwada buhun da aka ci bana da na bara. Rarar da za ku gani ita ce za ta saya muku keji na uku. Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa.